Fitilar Birki Da Ba Ta Mutuwa: Hasarar Da Masu Motoci Ke Yi Cikin Rashin Sani

Akwai wata ƙaramar fitila mai ruwan ɗorawa a allon gaban direba wadda ta daɗe tana haddasa gardama tsakanin masu motoci da kanikawa a garejin Legas, Abuja da sauran biranen ƙasar nan. Mutum zai biya kuɗi a sa masa sabon takalmin birki, amma da zarar ya murɗa makulli sai ya tarar fitilar na nan tana ci. Daga nan sai zargi ya shiga: mai mota na ganin an sa masa jabu, bakanike kuwa yana rantsuwa cewa aikinsa ya yi daidai.

A mafi yawan lokuta dukkansu biyu ba su gano inda matsalar take ba. Motocin Jamus irin su Mercedes-Benz, BMW da Audi, waɗanda ake shigo da su gwanjo daga Turai da Amurka, suna da wata siririyar waya da ake maƙalawa a jikin takalmin birki. Idan takalmin ya cinye har ya rage kaurin milimita 2 zuwa 3, faifan birki yakan goge wayar, sai fitilar ta kama don gargaɗin direba. Wayar da ta kai wannan matsayi ta gama aikinta ke nan. Duk wanda ya canza takalmi ya mayar da tsohuwar waya, to fitilar ba za ta mutu ba. Yawancin motocin Japan kuwa, kamar Toyota da Honda, wani ɗan ƙarfe suke amfani da shi mai yin ƙara idan takalmi ya ƙare, shi ya sa kanikawan da suka taso a kansu kan sha mamaki idan motar Jamus ta zo hannunsu.

Hanyar kashe fitilar ta danganta ga irin motar da kuma shekarun ƙirarta. A yawancin motocin Mercedes-Benz, sa sabuwar waya kaɗai ya wadatar. A tsofaffin BMW na ƙarshen shekarun 1990, bayan an sa wayar sai a murɗa makulli zuwa mataki na biyu ba tare da tayar da inji ba, a jira ƙasa da minti guda, fitilar za ta mutu da kanta. Amma tun daga farkon shekarun 2000 kamfanin ya soma sa wa motocinsa kwamfutar da ke lissafin nisan da ya rage kafin takalmi ya ƙare, saboda haka dole a sanar da ita cewa an yi gyara. A da yawa daga cikinsu ana danna maɓallin goge kilomita a riƙe shi har jerin ayyukan gyara ya fito a allo, a zaɓi birkin gaba ko na baya, sannan a sake riƙewa har lissafin ya koma sabo. Idan wayar tsohuwa ce, kwamfutar kan ƙi amincewa.

Wasu motocin sai an haɗa su da na'urar bincike ta hanyar mahaɗin nan mai baki 16 da ake kira OBD-II, wanda aka wajabta a Amurka daga 1996, sannan Tarayyar Turai ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur. Haka kuma motar da ke da birkin hannu na lantarki tana bukatar a sassauta shi ta hanyar da kamfani ya tsara kafin a taɓa takalman baya, in ba haka ba ana iya lalata ɗan injin da ke matse birkin, wanda kuɗinsa ya ninka na takalmin sau da yawa. Kazalika bai kamata a ruɗa wannan fitila da jar fitilar da ke nuna ƙarancin man birki ba, domin ita ja tana iya nufin yoyo, kuma ba a tafiya da ita.

Babban abin damuwa shi ne dabarar da wasu ke yi ta yanke wayar su ɗaure bakunanta biyu wuri guda. Fitilar takan mutu nan take, amma ba za ta ƙara yin gargaɗi ba. Araha ba ta ado: mai motar ya tsira da kuɗin waya, sai dai ranar da takalmi ya ƙare ƙarfe zai ci ƙarfe, faifai ya lalace, kuma mota ta daɗe ba ta tsaya ba a lokacin da ake bukata.

Wannan dabara tana da illa ga kasuwa ma. A 1970 masanin tattalin arziki ɗan Amurka George Akerlof ya nuna cewa idan mai sayar da tsohuwar mota ya san aibinta amma mai saye bai sani ba, masu saye kan karya farashin kowace mota, har masu kayan kirki su rasa riba. Kowace fitilar da aka rufe wa baki tana rage amanar da ke tsakanin dillali da abokin cinikinsa.

Saboda haka ya dace kamfanonin sufuri da masu motocin haya su sa kuɗin waya cikin kasafin canjin birki tun daga farko, su nemi a nuna musu tsohuwar da aka cire, su kuma rubuta ranar gyara da kilomitar da mota take. Mai sayen motar gwanjo shi ma ya sa a cire taya a duba wayar kafin ya biya. Ga garejin da ya mallaki na'urar bincike ya kuma horar da yaransa, wannan ƙaramar fitila hanya ce ta samun kwastomomi masu dawowa.