Shin da gaske matasan Blue Nile sun juya wa jami'a baya?

A Rusairis da Damazin da ƙauyukan Hausawa na Jazira ana yawan jin magana ɗaya: masu shiga jami'a sun ragu, don haka matasan yanzu ba sa son karatu. Wasu kuma na cewa digiri ne ya daina biyan buƙata. Maganar na da nauyi, domin a kanta ne uba ke yanke shawarar ko ya ci gaba da biya wa ɗansa kuɗin makaranta, ko ya aurar da 'yarsa da ta gama sakandare. Saboda haka ya kamata a auna hujjar tukuna.

Tambaya ta farko ita ce: ƙofar a buɗe take? A Sudan ba a shiga jami'a sai da jarrabawar kammala sakandare, wadda ake kira Shahada Sudaniyya. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojoji da dakarun RSF ya hana a yi ta a wannan shekara, ba a kuma yi ta ba sai a ƙarshen Disamban 2024. Ɗalibin da bai samu damar zama jarrabawa ba, ba za a ce ya ƙi jami'a ba. A watan Oktoban 2023 hukumar UNICEF ta ce yara kimanin miliyan 19 ba sa zuwa makaranta a ƙasar. Idan rafi ya ƙafe daga sama, ba a zargin masu ɗiban ruwa na ƙasa da rashin ƙishirwa.

Ta biyu: me ake ƙirgawa, kuma a ina? Jami'ar Jazira, wadda aka kafa a 1975, tana Wad Madani, birnin da RSF ta kama a Disamban 2023, sojoji suka ƙwato a Janairun 2025. Sinja ma ta kasance a hannun RSF daga Yuni zuwa Nuwamban 2024, abin da ya toshe hanyar Damazin zuwa arewa. Ɗalibin da ya bar Madani ya ci gaba da karatu a Kassala ko Masar ya ɓace daga lissafin garinsu, alhali bai bar karatu ba. Irin haka ta taɓa faruwa a 2011. Da Sudan ta Kudu ta ɓalle, jami'o'in kudu irin ta Juba suka fita daga lissafin Sudan, aka kafa Jami'ar Bahri domin ɗaliban arewa da ke cikinsu. Jimillar ƙasa na iya sauyawa ko da babu wanda ya sauya ra'ayi.

Ta uku: da wane lokaci ake kwatantawa? A 1990 gwamnatin Umar al-Bashir ta ƙaddamar da abin da ta kira juyin juya halin ilimi mai zurfi. Aka buɗe jami'o'i a jihohi, ciki har da Jami'ar Blue Nile da ke Damazin, aka kuma mayar da koyarwa cikin Larabci. Wanda ya ɗauki shekarun bunƙasa a matsayin ma'auni zai ga duk abin da ya biyo baya tamkar faɗuwa. Kafin yaƙin ma, rufe jami'o'i lokacin zanga-zangar 2019 da annobar korona a 2020 ya sa rukunonin ɗalibai sun taru suna jiran juna.

Ta huɗu ita ce ta sanadi. Gaskiya ne matasa da yawa na tafiya haƙar zinare, wasu na noman dawa da riɗi, wasu na kamun kifi a tafkin madatsar Rusairis. Sai dai ganin abubuwa biyu tare ba ya nuna wanne ya haifar da wanne. Mai yiwuwa zinare ne ya janye yaro daga makaranta, mai yiwuwa kuma rufe makarantar ne ya tura shi ramin zinare. Ga iyalan Hausawa akwai ƙarin dalili: rikicin ƙabilanci na Yuli da Oktoban 2022 a Rusairis da Wad al-Mahi ya hallaka ɗaruruwan mutane, ya raba dubbai da gidajensu tun kafin babban yaƙin. Iyalin da ya rasa gona da amfanin shekara ba ya iya ciyar da ɗalibi a wani gari, ko da yana so.

Hujjar masu cewa digiri ya rage daraja ba ta rasa tushe ba. Albashin malami ko ma'aikacin gwamnati ya narke da faɗuwar fam ɗin Sudan, kuma kowa ya san mai digirin da ke tuƙa raksha. Amma misali ɗaya ko goma ba ya wakiltar dubbai. Kwatancen da ya dace shi ne tsakanin mai digiri da sa'ansa da bai yi ba, a gari ɗaya kuma bayan shekaru, har da damar aikin jinya, koyarwa ko fita waje.

Akwai hanyar gwaji mai sauƙi. Idan ƙin karatu ne, masu rajistar jarrabawa da masu neman gurbi za su ci gaba da ƙaranci ko bayan an buɗe cibiyoyi, hanya ta samu. Idan kuwa toshewar ƙofa ce, za su dawo da yawa, har da waɗanda suka yi shekara biyu suna jira. Wannan darasi ya shafi Diffa da Tillaberi da Zamfara ma, inda rashin tsaro ya rufe makarantu. Maganin ƙin karatu wa'azi ne da jan hankali. Maganin toshewar ƙofa kuwa cibiyar jarrabawa ce kusa da gida, da masaukin ɗalibai mata, da tallafin kuɗin mota. Al'ummar da ta yi kuskuren gane cutar za ta kashe kuɗinta a kan maganin da ba shi ba ne, kuma 'ya'yanta ne za su biya.