RIGIMAR KUBRUS TA GANGARA ƘARƘASHIN TEKU

Tsibirin Kubrus da ke gabashin Bahar Rum ya rabu biyu tun shekarar 1974, sa'ad da sojojin Turkiyya suka sauka a arewacinsa bayan wani juyin mulki da ya nemi haɗe tsibirin da ƙasar Girka. Girkawan tsibirin ke riƙe da kudu, Turkawa kuwa suka kafa tasu ƙasa a arewa cikin 1983, wadda Turkiyya kaɗai ta amince da ita. To, wannan tsohuwar gaba ta bar tudu ta gangara cikin teku.

Abu na farko shi ne ruwan sha, domin tsibirin na fama da fari. Cikin Oktoba 2015 Turkiyya ta buɗe wani bututu mai tsawon kilomita 80 cikin teku, wanda ke kai ruwa daga madatsar Alakopru zuwa arewacin tsibirin. Saboda zurfin tekun, ba a shimfiɗa shi a ƙasa ba, sai aka ɗaure shi da igiyoyi yana reto kimanin mita 250 ƙarƙashin ruwa. Gwamnatin kudu ta ce aikin haramtacce ne. Su kansu mutanen arewa sai da suka yi ta ja-in-ja da Turkiyya kan wanda zai raba ruwan, ƙananan hukumomi ko kamfani, don sun san kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Da bututun ya fashe cikin Janairu 2020, sai da aka yi wata tara kafin a gyara shi.

Abu na biyu shi ne iskar gas da aka gano kudu da tsibirin cikin 2011. Turkiyya ta ce Turkawan arewa na da rabo, har jiragen yaƙinta suka tare wani jirgin haƙar kamfanin Eni na Italiya cikin 2018. Ran 2 ga Janairu 2020 Girka da Kubrus da Isra'ila suka sa hannu kan shimfiɗa bututun kilomita 1,900 zuwa Turai, ba tare da bi ta Turkiyya ba. Amma Turkiyya ta riga ta ƙulla yarjejeniyar iyakar teku da Libiya cikin 2019, wadda ta gitta hanyar. Cikin 2022 Amurka ta janye goyon bayanta, shirin ya tsaya cik.

Ke nan arewa na da ruwa, kudu na da gas, kowanne kuwa yana bukatar abin da ke hannun ɗan'uwansa. Rashin sulhu ne ya hana su musaya.