Daga Isenheim zuwa Yama: aikin gwani a mazauninsa

Shirinmu na yau zai fara daga ƙauyen Isenheim na ƙasar Faransa, ya sauka a Yama, nan cikin karkarar Badagishiri.

Tsakanin 1512 da 1516, wani mai zane, Matthias Grünewald, ya yi wa gidan masu ibada na Kirista da ke Isenheim wani katafaren allon zane, mai ɓangarori da ake buɗewa kamar ƙyauren ƙofa a ranakun bukukuwa. Mutanen wannan gida, jinya suke yi a lokacin, musamman ta waɗanda suka kamu da ciwo daga cin hatsi mai fumfuna, ciwon da ke sa yatsu su ruɓe. Shi ya sa ya zana Yesu, bisa aƙidarsu, jikinsa duk miki, domin majinyacin da ya ɗaga kai ya ga irin azabarsa. A lokacin juyin juya halin Faransa aka kwashe allon zuwa birnin Colmar. Yau yana gidan tarihi, an adana shi tsaf, amma waɗanda aka yi shi dominsu ba sa gabansa. Ƴan kallo ne suka gaje su.

Wani zai ce mu Musulmi ba ma sa hoto a masallaci, to ina haɗin kifi da kaska? Gaskiya ne, ba ma sawa. Amma mu ma gwanayenmu sun yi wa wurin ibada aiki. A 1962 magini Falke Barmu ya gina masallacin Juma'a na Yama da laka, jama'ar gari na kawo ruwa da itace. Daga 1975 ya sake rufin da bakan gizo, ya ɗora tulluwa, ya tayar da hasumiya huɗu, ko wacce da siffarta. A 1986 ginin ya sami lambar yabo ta Aga Khan.

Wani kuma zai ce laka wahala ce, damina na cin ta, gara siminti. Lallai tana ci. Sai dai wannan yaɓen da ake maimaitawa shi ke koya wa yaro sana'ar, shi ke sa gari ya san ginin nasa ne. Allo ana iya ɗauke shi a ɓoye a birni, masallaci kuwa a inda yake zai rayu ko ya zube.

Don haka, mutanen Badagishiri, Illela, Malbaza da Ƙonni, in an kira gayyar yaɓe, ku fito da yaranku. Sai mun haɗu a shiri na gaba.