Karatun likita: makaranta mai suna ko wadda aljihu zai iya?

Ga rubutaccen shirin wannan makon ga waɗanda ba su samu saurare ba, musamman 'yan'uwa na Sabon Birni da Isa, don mun san halin da sabis yake ciki a can.

Maganar yau daga gidanmu ta taso. Ɗan kawuna ya ci JAMB da kyau, likita yake son zama. Hanya biyu ta buɗe masa: Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, da wata jami'a mai zaman kanta a Abuja wadda kuɗin shekara ɗaya miliyoyin naira ne. Kawu ya kira ni ya ce gonar fadama zai saida. Na ce, "Kawu, gonar da kuke ci da ita?" Ya ce, "Mi gona za ta yi mani in yaro ya zama likita?" Kun san yanayin garuruwanmu: shanu ɓarayin daji sun kore, gonakin nesa ba su nomuwa, wannan ta kusa da gari ita kaɗai ta rage. To ga abin da na faɗa masa.

Na farko, lasisi ɗaya ne. A Najeriya hukumar MDCN ce ke yi wa likitoci rajista. Ko a Ibadan ka gama, ko Zariya, ko Sakkwato, ko Abuja, MBBS ɗin dai shi ne, in dai hukumar ta amince da makarantar. Daga nan shekara ɗaya ta hausmanship, sai bautar ƙasa. In kana son ƙwarewa, jarrabawa ɗaya za ku zauna da kowa. Ban taɓa jin mai naƙuda ta tambayi likita inda ya yi karatu ba.

Kuma a lura, suna daban, tsada daban. Makarantun likita da suka fi daɗewa da suna a ƙasar nan, irin su Ibadan da ABU Zariya, na gwamnati ne. Gini mai ƙyalli ba shi ne suna ba.

Na biyu, karatun shekara 6 ne, ba ɗaya ba. Kuɗin gona zai biya aji ɗaya, wataƙila biyu. Na uku fa? Ga masauki, ga abinci, ga littattafai, kuma kuɗin makaranta hawa yake, ba ya sauka. Yaron da ya tsaya a aji huɗu ba rabin likita ba ne, ba shi da komai a hannu. Sauya makaranta a tsakiya ma wuya gare shi, domin kowace makaranta akwai adadin ɗaliban da MDCN ta ƙayyade mata. A ɗaya ɓangaren, tun 2024 akwai bashin ɗalibai na NELFUND, babu ruwa a kansa, yana biyan kuɗin makaranta har da naira 20,000 a wata na kashewa, kuma sai bayan shekara biyu da gama bautar ƙasa ake fara biya. Amma fa ɗaliban makarantun gwamnati kawai ake ba.

Na uku, likita a gaban gadon mara lafiya yake koyon aiki. Asibitin koyarwa na Danfodiyo yana karɓar marasa lafiya daga Sakkwato, Kebbi, Zamfara har da Nijar. Maleriya, sanƙarau, tamowa, matsalolin haihuwa, duk cututtukan da yaron zai tarar in ya dawo gida, a nan zai gan su, kuma da Hausa zai ji koken masu su. Don haka kafin ka tambayi ko ajin yana da na'urar sanyi, tambayi gado nawa ne a asibitin, kuma cike suke ko wayam.

Wani zai ce to a kai shi waje mana. A tuna, wanda ya yi karatu a waje sai ya ci wata jarrabawar MDCN kafin ya taɓa mara lafiya a nan. Mun kuma ga abin da ya faru da ɗalibanmu a Yukren a 2022, da Sudan da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, aka kwaso yara a motoci, wasu suna dab da gamawa. Maraɗi ga ta nan kusa da mu, tana da sashen koyon likita, sai dai da Faransanci ake karatun.

Yanzu bari in faɗi gaskiyar ɗaya ɓangaren, kar a ce na yi son kai. Makarantar gwamnati tana da nata ciwon. Yajin aikin ASUU na 2020 ya ci wata 9, na 2022 ya ci wata 8. Ga cunkoso, ga matsalar wuta da ruwa. Shekara 6 takan zama 7 ko 8. Wanda Allah Ya hore wa, zai iya biyan shekara shidan ba tare da ya taɓa abin da iyali ke ci ba, ya kai ɗansa mai tsadar, babu laifi. Lokaci yake saye, kuma lokaci abu ne mai daraja.

Ma'aunin dai ɗaya ne: ɗauki biro ka haɗa kuɗin shekara 6 gaba ɗaya, ka ƙara wani abu saboda hauhawar farashi, sannan ka tambayi kanka, in damina ɗaya ta ƙi, ko hanya ta rufe, za mu iya ci gaba da biya? In amsar a'a ce, to an gama magana.

Haka muka zauna muka yi da Kawu a bayan takardar magani. Da muka zo shekara ta uku ya ajiye biron, ya yi shiru, can ya ce, "Sakkwaton dai." Yaron yanzu yana can, gonar kuma tana nan, bana ma albasa aka sa mata.

Allah Ya ba yaranmu sa'a, Ya kawo mana zaman lafiya a ƙasar Gobir. Sai mun haɗu a shiri na gaba.