Damuwa Wadda Ba Ta Wucewa: Yadda Ake Gane Ta Da Yadda Ake Maganinta

Ba manomin da bai san damuwa ba. In ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina, gero ya fara yaushi, barci ba ya zuwa da sauƙi. Haka kuma in ranar biyan bashin taki ta gabato, rumbu kuwa bai cika ba. Wannan damuwa ta kowa ce, tana da dalili, in dalilin ya wuce ita ma sai ta wuce.

Amma akwai wata iri dabam. An yi ruwa, an biya bashi, yara suna lafiya, duk da haka hankalin mutum bai kwanta ba. Ya bar zancen gona ya kama na dabbobi, ya bar na dabbobi ya kama na ɗansa da ke birni, kullum yana jiran wani mugun labari. Irin wannan ciwo ne, likitoci sun san shi, yana kuwa da magani. Ba hauka ba ne, ba sammu ba ne, ba kuma rashin bangaskiya ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekara ta 2019 mutum miliyan 301 suna fama da cututtukan fargaba iri iri, amma wajen ɗaya cikin huɗu ne kaɗai ya sami magani. Mata sun fi maza kamuwa.

Alamun ciwon

Abin da likita ke dubawa da fari shi ne daɗewa. Sai damuwar ta kai wata 6 ko fiye, a yawancin kwanaki, a kan abubuwa da yawa, mutum kuma ya kasa tsai da ita ko da ya yi ƙoƙari. Sa'an nan ana neman aƙalla uku daga cikin waɗannan shida:

1. Rashin natsuwa, mutum ba ya iya zama wuri ɗaya.
2. Saurin gajiya, ko da bai yi aikin kirki ba.
3. Hankali ba ya tsayawa a kan abin da ake yi.
4. Saurin fushi a kan abin da bai kai ya kawo ba.
5. Ɗaurewar jiki, musamman wuya da kafaɗu da baya.
6. Rashin barci, ko barcin da ba ya wartsake mutum.

Abu na ƙarshe shi ne ciwon ya taɓa zaman mutum: ya fasa zuwa gona, ko kasuwa, ko sujada, ko gida ya rasa zaman lafiya.

Mu lura da wani abu. Mutanenmu ba safai suke zuwa asibiti su ce damuwa ke damunsu ba. Sai su ce gabansu yana faɗuwa, kansu yana zafi, cikinsu yana murɗawa, ko wani abu yana yawo a jikinsu. Daga nan sai a yi ta shan maganin zazzaɓin sauro da na taifot, kuɗi yana ƙarewa, ciwo yana nan. Saboda haka in kun je asibiti, ku faɗi na jiki, ku faɗi na zuci kuma. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Abin da za a yi a asibiti

Likita zai fara bincika ko wani ciwon jiki ne ke kawo alamun. Ƙarancin jini yana sa bugun zuciya da kasala. Halittar nan ta wuya, inda maƙoƙo ke fitowa, in ta yi aiki fiye da kima tana sa rawar hannu da gumi da rama. Zai tambayi yawan goro da shayi da kofi da mutum ke sha, gama suna hana barci, suna ƙara faɗuwar gaba. Zai tambayi zancen burukutu da taramol. Kada a ɓoye masa. Zai kuma duba ko akwai ciwon baƙin ciki mai tsanani, domin sau da yawa tare suke tafiya.

Tun shekara ta 2006 akwai wata takarda mai tambayoyi bakwai da ake kira GAD-7. Ana tambayar mutum yadda ya ji cikin mako biyu da suka wuce, a ba kowace amsa maki daga 0 zuwa 3. Jimla ba ta wuce 21. In maki ya kai 10, ana ƙara bincike. Takardar tana taimako ne kawai, hukunci na likita ne.

Magani iri biyu ne

Na fari magani ne na magana da ma'aikacin da aka horar. Yakan zama sau ɗaya a mako, har wajen wata uku. Ana koya wa mutum ya kama tunanin da ke tsorata shi, ya auna shi: sau nawa abin da na ji tsoro ya auku? Wanne zan iya yin wani abu a kai yau, wanne ne ba ya hannuna? Ana koya masa numfashi a hankali, da sassauta jijiyoyi, da komawa ayyukan da ya guje wa kaɗan kaɗan.

Na biyu ƙwayoyi ne, irin su satralin da esitalofram. Ba sa aiki rana ɗaya. Sai an yi mako 2 zuwa 6 kafin a ji sauƙi, a kwanakin fari ma wani yakan ji tashin zuciya. Bayan an sami sauƙi ana ci gaba da sha wata 6 zuwa shekara guda, likita ne kuma zai rage shi sannu sannu. Kada a daina gaba ɗaya. Mace mai ciki ko mai shayarwa ta faɗa wa likita tun da fari.

Muna yi muku gargaɗi game da dayazefam, wanda aka fi sani da Valium. Yana kwantar da mutum nan da nan, amma jiki yana sabawa da shi har ya kasa rabuwa. Kada ku saye shi a kemis ko a hannun masu talla.

A fara da asibitin da ke kusa. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura mutum gaba. Akwai asibitocin Gwamnatin Tarayya na lafiyar ƙwaƙwalwa a Kaduna da Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato.

Aikin ƙungiya da ikilisiya

Addu'a da magani ba abokan gaba ba ne. Wanda maciji ya sara muna yi masa addu'a, muna kuma garzayawa da shi asibiti. Ku tuna da annabi Iliya a 1 Sarakuna sura 19. Da tsoro ya kore shi jeji, Ubangiji bai fara da tsauta masa ba, sai da ya ci ya sha ya yi barci. Kada fa mu ce wa ɗan'uwa bangaskiyarsa ce ta kasa, gama wannan ƙara masa kaya ne.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiya tana iya yi masa gayya in aikin gona ya fi ƙarfinsa, ta ɗaga masa ranar biyan bashi, ta ware kuɗin mota daga asusu, ta sa wani amintacce ya raka shi asibiti. Abin da ya faɗa a asirce kada ya zama zancen bakin rijiya.

In kuwa mutum ya fara cewa gara ya mutu, kada a ɗauka wasa ne. Kada a bar shi shi kaɗai. A kulle maganin ƙwari da na ciyawa inda ba zai kai ba, a kai shi asibiti a ranar.

Muna roƙon shugabannin ƙungiyoyi su karanta wannan a taro na gaba, a zumuntar mata kuma, domin waɗanda ba su iya karatu ba su ji. Allah ya ba mu lafiya da kwanciyar rai.