Ma'aikacin aro: ubangida biyu, wa zai kai wa kuka?

Jama'a, mu dubi mai gadin ƙofar banki ko mai sharar ofis a Maraɗi, Damagaram ko Yamai. Da yawansu ba ma'aikatan gidan ba ne. Wani kamfani ne ya ɗauke su, ya turo su na wani ɗan lokaci. Dokar aiki ta Nijar ta 2012 ta san da irin wannan tsari.

To, a nan sandika ke shan wuya. Mai ba da umarni daban, mai biyan albashi daban. In albashi ya makara ko ba a zuba kuɗin CNSS ba, kowane sai ya nuna ɗaya. Shi kuma ma'aikacin, in ya yanki katin sandika, ba sai an kore shi ba: kwantaraginsa ya ƙare, a ƙi sabuntawa, shi ke nan.

Mu a ganinmu, har ma'aikacin dindindin abin na ci. Mambobi na raguwa, kuɗin karo-karo na raguwa. Ranar da USTN ko CDTN suka kira yajin aiki, ƴan aro na bakin aiki saboda tsoro, mai kamfani kuwa bai ji a jikinsa ba balle ya zauna tattaunawa.