Tsibiran Tafkin Chadi da Wuyar Tsaronsu, Daga Yaƙin Janar Buhari na 1983 Zuwa Yau

Masarautar Daura ba ta da babban tafki balle tsibiri, amma sunan ɗaya daga cikin 'ya'yanta, marigayi Muhammadu Buhari, wanda aka yi wa sutura a garin a watan Yulin 2025, yana haɗe da tarihin tsaron tsibiran Nijeriya da ke cikin Tafkin Chadi, domin sau biyu nauyin kare su ya hau wuyansa, da farko yana janar na soja a 1983, sannan yana shugaban ƙasa daga 2015. Abin da ya wakana tsakanin waɗannan lokuta biyu ya nuna cewa ƙwato tsibiri daga hannun abokin gaba ya fi riƙe shi sauƙi nesa ba kusa ba, kuma har yau ƙasashen da ke kewaye da tafkin sun fi ƙwarewa a na farkon.

Mutanen yankin suna kiran tsibiri tumbu, shi ya sa ake jin sunaye irin su Tumbun Gini. Tafkin da a shekarun 1960 ya kai faɗin murabba'in kilomita 25,000 ya ƙafe ƙwarai sakamakon farin shekarun 1970 da 1980, har ya koma kusan kashi ɗaya cikin goma na girmansa, kuma duk inda ruwa ya janye sai sabuwar ƙasa mai albarka ta bayyana, masunta da manoma da makiyaya, Buduma da Barebari da Hausawa masu yawa, suka bi ta suna kafa ƙauyuka ba tare da damuwa da inda iyakar da Turawa suka shata a kan takarda ta ratsa ba. Wannan ne asalin rikicin Afrilun 1983, lokacin da sojojin gwamnatin Hissene Habre ta Chadi suka mamaye wasu tsibirai da Nijeriya ke ɗauka nata ne. Buhari, wanda a lokacin shi ne kwamandan Runduna ta Uku mai hedikwata a Jos, ya tura dakaru suka kore su, har suka kutsa cikin yankin Chadi kafin gwamnatin Shugaba Shehu Shagari ta sa a janye. Nasarar ta ɗaga sunansa, sai dai nasara ce a kan sojan gwamnati mai tuta da babban birni, wanda idan an kore shi ana iya zama da shugabanninsa a yi sulhu.

Taƙaddamar mallaka da Kamaru kuwa kotu ce ta raba ta, domin a ranar 10 ga Oktoban 2002 Kotun Duniya da ke birnin Heg ta yanke cewa Darak da ƙauyukan da ke kewaye da ita na Kamaru ne, Nijeriya kuma ta janye daga cikinsu a Disambar 2003.

Matsalar da ta fi wuya ta zo ne da Boko Haram, kuma fahimtarta tana buƙatar sanin halin tafkin kansa. Mafi yawan ruwansa daga kogin Shari da reshensa Logon yake zuwa, kuma ba ya cika sai bayan damina ta wuce, wajen ƙarshen shekara, sannan ya riƙa ja da baya har zuwa bazara. Idan ya cika, motar sulke ba ta da hanya. Idan ya janye, sai ya bar taɓo da ciyayi masu tsayi da suka fi mutum, inda mota ke kafewa, babban jirgin ruwa kuma ba ya samun zurfin da zai bi. Abin da ke ratsa irin wannan wuri shi ne kwale-kwale mai ƙaramin inji a hannun wanda ya san mashigin da ke buɗe a wannan watan da wanda ciyawa ta toshe, kuma wannan sani yana wurin masunta ne, ba ya cikin taswirar da ke ofishin kwamanda. Sansanin soja da aka dasa a tumbu yana dogara ne kacokan ga abin da za a kawo masa daga gaɓa, wato harsashi da mai da abinci da magani, da kuma ɗauki idan an far masa, saboda haka ana auna ƙarfinsa da sa'o'in da agaji zai ɗauka kafin ya iso, ba da yawan mutanen da ke cikinsa kaɗai ba.

Hare-hare uku sun tabbatar da haka a fili. A ranar 25 ga Afrilun 2015 mayaƙan Boko Haram suka auka wa sansanin sojan Nijar a tsibirin Karamga, inda gwamnati ta ce an kashe sojoji 46 da farar hula 28. A ranar 23 ga Maris ɗin 2020 aka kai hari Bohoma ta ƙasar Chadi tun kafin wayewar gari, aka shafe sa'o'i ana fafatawa, aka kuma tare waɗanda suka taso kawo ɗauki, sojoji kusan 100 suka rasa rayukansu. A Oktoban 2024 aka sake kashe sojojin Chadi kimanin 40 a Barkaram. Bayan harin Bohoma Shugaban Chadi Idris Deby da kansa ya jagoranci farmakin ramuwa, ɗansa Mahamat ya yi haka bayan na Barkaram, kuma shekara huɗu da rabin da ke tsakanin hare-haren biyu sun isa shaida cewa farmaki, komai zafinsa, yakan share tsibiran ne na ɗan lokaci, da zarar dakaru sun koma gaɓa sai mayaƙan su dawo.

Rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen tafkin, wadda ta samo asali a shekarun 1990 don yaƙar 'yan fashin kan iyaka, ta rasa hedikwatarta ta garin Baga na Nijeriya a hannun Boko Haram a ranar 3 ga Janairun 2015. Da hawan Buhari mulki a watan Mayun wannan shekara, tafiyarsa ta farko zuwa waje Nijar da Chadi ya nufa, aka kuma sake fasalin rundunar da hedikwata a Njamena da shiyyoyi huɗu, kowace ƙasa da tata. Wannan mataki ne na hankali, ganin cewa maƙwabciyar da ya yaƙa a 1983 ita ce yanzu ba a iya tsare tafkin sai da ita. Amma rauninsa shi ne kowace shiyya ta fi sauraron babban birninta, alhali mayaƙi a kwale-kwale yana tsallaka iyaka cikin ɗan lokaci. A Disambar 2018 aka sake mamaye Baga, har da sansanin sojan ruwa da ke kusa da ita, kuma ficewar Nijar daga rundunar a Maris ɗin 2025 ta bar giɓi a arewacin tafkin.

Kuskuren da ya fi tsada, a ganin marubucin nan, shi ne mayar da mazauna tsibiran abin zargi. Bayan Karamga hukumomin Nijar sun umarci jama'a su fice daga tsibirai, dubbai suka taka a ƙafa cikin zafin bazara zuwa Ngigmi da Boso, sannan an sha hana kamun kifi da safarar banda, wato ƙyafaffen kifin da ake lodawa a kwalaye daga Baga zuwa kasuwannin Arewa da Kudu, da nufin toshe wa mayaƙa hanyar kuɗi. Sakamakon shi ne soja ya rasa masu ba shi labari da masu nuna masa hanya, shi kuwa ɓangaren Boko Haram da ake kira ISWAP ya buɗe wa masunta ruwa yana karɓar haraji a hannunsu. Tsaron da zai wadatar a tumbu yana buƙatar ƙananan jirage masu yawa da ke iya bin ruwa marar zurfi, da jiragen sama masu saukar ungulu da ke kusa don kai ɗauki da kwaso masu rauni, da yarjejeniyar da za ta bar sojan wata ƙasa ya bi maƙiyi zuwa ruwan maƙwabciya, da kuma hukumar farar hula, alƙali da asibiti da kasuwa, da za ta bi bayan soja ta zauna tare da masuntan da aka mayar garuruwansu.